Ƙanƙarar da Ba Ta da Mai Ita

Wuta ta ɗauke tun kafin azahar.
Na lulluɓe firiza da buhunan algarara,
na zauna ina sauraren jarina yana ɗiga,
ɗis, ɗis, ta ƙarƙashin ƙyauren shago
yana bin kwata zuwa cikin Mabera.

Sai waya ta motsa a aljihu.
Luba ce ta aiko hoto mai tafiya:
"Baba, duba inda nike."

Na duba. Gilashin mota,
sanduna biyu na ta share wani farin abu
awa an sheƙe audugar rimi daga sama.
Hanya ta naɗe dutse kamar gammo,
hagu bango, dama rami,
kuma hannun da ke kan sitiyari
na san shi,
da tabon da ƙarfen sarar ƙanƙara ya bar mata
tana aji uku.

Wai tun asuba suka fito, su huɗu, motar haya.
Wai sun ƙetare iyakar ƙasa
ba katako mai ƙusa, ba "kawo na ruwa",
allo kawai ya sake harshe.
Ni da na taɓa yini a Illela
saboda takarda guda!

A gindin dutsen suka tsaya
suka ɗaure wa tayoyi sarƙa.
Mota lafiyayya, ba ta ci bashin kowa ba.

Ni na koya mata tuƙi,
a fili, bayan Kwannawa, da tsohuwar akori-kura,
matashi biyu ƙarƙashinta don ta hango gaba.
Na ce, ɗiyata, birki ba a taka shi da fushi.
To ga ni yau ina yi wa waya tsawa:
"Giya ta biyu! Ta biyu, Luba!"
Mode yaron shago yana dariya:
"Maigida, ai tun da hantsi ta isa."

Sai ga saman dutsen.
La'ilaha illallahu.

Ƙanƙara ce, iya ganinka,
ba inji, ba mita, ba mai gadi,
ba wanda ya kwana yana roƙon wuta don ta daskare.
Na fara lissafi, sana'a ba ta barin mutum:
in bulo guda ɗari biyar ne a watan Maris,
wancan gangaren kaɗai...
sai lissafin ya narke mini a ka.

Su kuwa mutanen wurin takawa suke.
Su ɗaura katako a ƙafa,
su biya kuɗi a rataye su a kujera bisa igiya,
a kai su can ƙoli
don kawai su sulalo inda suka fito.
Ga Luba cikin riga kamar katifa,
ta yi taku uku, ta zube,
ta tashi, hayaƙi na fita bakinta, tana ƙyaƙyatawa.
Rabon da in ji wannan dariyar
tun uwarta na da ƙafar zuwa kasuwa.

Na kai wa Ige wayar har gado.
Ta daɗe tana kallo. Ba ta ce komai kan dutsen ba.
"Ta sa safa kuwa?"

La'asar sakaliya Tumba mai kunun aya ta zo.
Bulon da na ciro ya rame, ya koma rabi,
na ce ta ba da abin da ta ga dama.
Wani ɗan guntu ya ɓalle a bakin firiza.
Ban jefa shi a randa ba.
Na damƙe shi a tafin hannu,
ya yi sanyi, ya yi zafi, ya fara cizo har ƙashi,
ban saki ba,
ina so in san abin da ke taɓa yarinyar nan.

Da ya ƙare na goge hannu a riga,
na danna wayar da yatsa mai rawa:
"Hawa ba wuya. In za ki sauko,
giya ta ɗaya,
kuma ki kira ni daga ƙasa."